Gayyar Malam Sabi'u

Har yau in na ji warin maganin feshi, sai raina ya ɓaci.

Malam Sabi'u ne ke koya wa yaran unguwarmu ƙwallo a Malumfashi. Kyauta yake yi, shi ya sa iyayenmu ba sa tambayar inda ya kai mu. Wata Asabar da la'asar, maimakon fili, sai ya wuce da mu gonarsa ta auduga. Wai gayya ce. Gayyar da ba babba ko ɗaya sai shi, shi ɗin ma yana zaune a gindin ɗorawa!

Ya goya wa ƙanena Habu tankin feshi, tankin na yoyo a gadon bayansa. Ba a jima ba Habu ya durƙusa yana amai, yawu na dalala.

Na ce, "Malam, mu kai shi asibiti."

"Kai, rufe mana baki!" Ya tsayar da mai tallan nono, ya ɗura wa yaron, wai zai kashe dafin. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Maganar ƙungiya a ƙungiya take tsayawa. Wanda ya kai ta gida, ya ajiye mini rigata."

Rigar ƙwallo yake nufi. Da ita ya toshe bakin yara.

Allah ne ya raya Habu, ba nono ba.

Yanzu ɗana ma yana zuwa ƙwallo. Ranar farko na gaya wa mai koya musu, yaron na tsaye yana ji: "Ɗana ba shi da maganar da ba ta zuwa gida."