Ƙwallon Fata Mai Shaidar Haƙora

Tun da ka ce gobe za ka leƙa 'yan gwanjo ka samo wa karenka abin wasa, zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani mai gadin lambu. Tsohon nan shi kaɗai yake zaune a lambun mangwaro bayan gari, ba mata ba ɗa, sai wani jan kare da ya raina tun idonsa bai buɗe ba. Shi ne abokin hirarsa, shi ne kuma kunnensa, don tsufa ya fara taɓa masa ji. Aibin karen ɗaya ne, tauna. Ya cinye takalmin mai lambu, ya huda tiyon ban-ruwa, ko butar alwala bai ƙyale ba. Da abin ya ishi tsohon, sai ya tafi kasuwa ranar Laraba, layin masu baza tsofaffin kayan wasa a ƙasa. Kada ka ɗauka sakarai ne, ya san abin da yake yi. Ya ɗauki 'yar tsana, ya ga idanunta maɓallai ne, ya ajiye, kada su tsaya wa kare a maƙogwaro. Ya latsa agwagwar roba, ya ji ta bushe tana tsagewa, ya ajiye. Can ƙarƙashin tarin ya ci karo da wani ƙwallon fata, ɗinkin dukawa, mai nauyi a hannu. Ya ja zaren da farce, ko motsi bai yi ba. Duk jikinsa shaidar haƙora ce, manya da ƙanana, amma babu wadda ta yi zurfi, kamar duk wanda ya fara taunarsa bai daɗe yana yi ba. Mai kayan bai tsaya jan ciniki ba, tayin farko ya sallama, kuma da sanda ya turo ƙwallon, bai taɓa shi da hannu ba. Tsohon ya taho yana washe baki, wai yau ya yi tsintuwa.

Shi fa mutum ne da ko hular gwanjo ya saya sai ya tafasa ruwa ya wanke ta, ya shanya ta kwana biyu a rana. Amma wannan sai ya ce a ransa, abin da kare zai sa a baki, wankin me? Ai bakin ma najasa ne. Da rana tsaka ya jefa masa ƙwallon, ya gangara ya tsaya a gabansa. Karen da ba ya barin ko ɓawon rake ya taɓa ƙasa, sai ya sunsuna sau ɗaya, gashin bayansa ya miƙe. Ya ja da baya har gindin rijiya, ya ɗaga kai sama ya saki dogon kukan nan da manya ke cewa in an ji a nemi tsari. Lambun ya yi tsit, ko kurciya ba ka ji. Tsohon ya tsorata, amma haushi ya fi tsoron yawa. Ya sha rana, ya sha tafiya, sannan kare ya yi masa yanga? Kwana biyu ƙwallon na nan inda ya tsaya, karen na kewaye shi kamar mai kauce wa rami, tururuwa ma ba ta hau shi ba. A rana ta uku tsohon ya yi dabarar da har gobe yake da-na-sani a kanta. Ya shafe ƙwallon da kitsen balangu, ya kira karen da sunansa, ya miƙa masa. Karen ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya karɓa, don bai taɓa ƙin abin da wannan hannun ya ba shi ba.

Ba a yi mako ba karen ya daina cin abinci. Sai amai, sai zawo da jini, ido ya zurma. Malamin dabbobi ya zo ya yi allura, ya girgiza kai, ya ce irin wannan cuta takan laɓe a jikin kayan kare wata da watanni tana jiran na gaba. Washegari da hantsi karen ya mutu. Tsohon ya kasa haƙa rami shi kaɗai, ya roƙi wani mafarauci da ya biyo ta gefen shinge ya taya shi. Suna cikin haƙa mafaraucin ya hango ƙwallon a gindin bishiya, sai digar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ce, "Baba, ina ka samo wannan? Wallahi na karyata ne. Ni ma a gwanjo na saya mata, kwana tara ta yi ta mutu. Matata ta ce in ƙone shi, ni kuwa na ga kyan ɗinkin, na mayar da shi kasuwa." Tsohon bai zage shi ba, da wane bakin? Ya tara kirare ya cinna wuta, ya tsaya har fatar ta zama toka, sannan ya rufe karensa ya koma bukka, inda babu mai taryarsa.

To, kai ma in ka ga abu mai kyau a yashe cikin tarin gwanjo, duba ɗinki, amma ka tambayi gidan da ya fito, ka wanke shi kamar kai za ka sa a baki. In karen ya ƙi, kada ka ce ka fi shi sani. Magabata sun riga sun faɗa: banza ba ta kai zomo kasuwa.