Mai Gudun Lamba

"Malam, miƙo hannun mana," in ji Huseina, sabuwar ma'aikaciyar jinya a ɗakin shan magani na Sabon Gari. Cutar agana ta ɓarke a Fagge, layin masu jiran lambar rigakafi har bakin titi, amma magidancin da ke gabanta ya ƙanƙame damtsensa, gumi sai tsattsafo masa yake yi.

"Malama, a bari sai gobe."

Huseina ta tsuke fuska. "Gobe? Likita Abdulgani, wanda har Ingila ake karanta bincikensa, ya ce mai gudun lamba shi ke kai wa iyalinsa cuta. Da littafinsa aka koyar da mu."

Mutumin ya ƙara janye hannunsa. "Ai shi faɗa kawai ya yi. Faɗa ba wuya."

Nan fa ranta ya ɓaci. "Kul! Kada ka ƙara taɓa mutuncinsa a gabana!"

Matarsa Hajja Kubura, wadda ta rako shi, ta gyara mayafi tana danne dariya.

"Bi shi a hankali, 'yar nan, ai shi ne likitan naki. Tsaya in riƙe miki shi. Wancan karon suma ya yi."