Jan Famfo

"Ki bi a hankali, matar yaya," in ji Trev. "Ruwan zafin nan daga cikin inji na jawo shi, saɓule fata yake. Ja zafi, shuɗi sanyi. Ba irin aikin mijinki ba ne."

Noeleen ta yi murmushin yaƙe. Mijinta Wal bai taɓa haɗa famfo daidai ba. A gidansu, daga kicin har bayi, ja ne sanyi, kuma da waya yake ɗaure tiyo. Shawar jirgin ruwan nan ma shi ya fara haɗa ta, kogin Murray ya tafi da shi bara, har yau ba a ga gawa ba. Da safiyar yau ƙaninsa Trev ya ƙarasa aikin.

Jirgin ya ja ta da igiya zagaye biyu tana wasan zamiya a kan ruwa, ta hawo idonta cike da yashi. Ta saita shawar a fuskarta. Hannunta ya tafi inda ya saba shekara talatin, ta murɗe jan famfon har ƙarshe.

"Ke Noeleen, tsaya!"

Ruwan sanyi ne ya zubo.

Trev ya ɗaga murfin inji. "Na rantse, da hannuna na haɗa su."

An musanya tiyon zafi da na sanyi. Ƙarafan ɗaurin da ya sayo suna jere a gefe, waya ce a madadinsu. Ya taɓa wayar, ya janye hannu da sauri. Duk zafin injin nan, wayar sanyi ƙarara, ga ɗanyar lakar ƙasan kogi a jikinta.