Mutum Ɗaya Ya Rage

"Ki yi haƙuri, Radiyya," in ji sakataren wata makaranta a Nguru. "Manhajar ofishinmu yanzu da mataimakin rubutu take zuwa. Me za mu yi da taki?"

Shekara uku ta yi tana haɗa manhajarta ta rubuta wasiƙa da Hausa. Cikin wata biyu masu biya suka watse, sai mutum ɗaya a Gashuwa.

Ta kira lambar da ake biya da ita don ta yi godiya kafin ta rufe manhajar.

"Ni mai POS ne, Hajiya. Wani dattijo mai bandar kifi ke kawo kuɗin. Ga shi ma."

Tana jin sallamar ta gane muryar mahaifinta.

"Baba? Kai da ba ka karatu?"

"An ce muddin mutum ɗaya yana biya, ba za ki rufe ba."