Ɗan Majalisar Da Ya Ƙi Zuwa Umra

To, ɗana, tunda ka ci zaɓe, har an fara ce maka Honarabul kana ta gyara zaman hula, zauna in ba ka wani misali kafin a rantsar da kai.

An yi wani ɗan majalisa, mutumin wani gari mai fadama, inda rabin jama'a da albasar rani suke rufa wa kansu asiri. Wata shekara aka kawo doka majalisa, za a tare kogin da ke shayar da fadamar daga sama a juya ruwan zuwa gonar wasu manya. Kowa ya san in aka yi haka, fadama ta mutu. Jam'iyya ta ce a amince, kowa ya sunkuyar da kai, ban da shi. Da manyan jam'iyyar suka ga ba zai lanƙwasu ba, sai suka bi ta inda suka saba. Ba su ce ya goyi baya ba, a'a, tikitin Umra suka aika masa, ranar tashi ta zo daidai da ranar ƙuri'a. Ka ga dabara? Mutum ya tafi ibada, wa zai zarge shi? A gida ma da murna za a tarye shi, ana rabon dabino da zamzam. Bawan Allahn nan bai taɓa ganin Ka'aba ba, kuma Allah ya sani yana so. Ya mayar musu da takardarsu, ya ce, "Da wace fuska zan je ɗakin Allah, na bar waɗanda suka aiko ni ana yanka su?" Ranar ƙuri'a aka ce masu goyon baya su ce e, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Shi kuwa ya ce bai yarda ba, a ƙirga mutum-mutum. Aka ce masu adawa su miƙe. Shi kaɗai ya miƙe, tilo, ana masa ihu ana buga tebur. Amma bai zauna ba.

Kada ka zaci tsayuwarsa ta hana komai. Doka ta wuce. Jam'iyya ta hana shi takara, maroƙan da ke masa kirari suka koma masa zambo. Mutanen garinsa kuwa, waɗanda ya tsaya dominsu, aka ce musu taurin kansa ne ya hana su titi, suka yarda, har gaisuwarsa suka daina amsawa. Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai. Sau biyu ana aika masa ya zo ya ba da haƙuri a mayar da shi, ya ƙi. Cikin shekara huɗu fadama ta tsattsage, magidanta suka watse cin rani. Ranar da ya rasu da ƙyar aka sami masu ɗaukar makara, don majiya ƙarfin garin duk sun tafi neman abinci. Tsofaffi ne suka ɗauke shi, suna hutawa a hanya, suka bi da shi ta gefen busasshiyar fadamar nan. Har ya koma ga Allah bai je Makka ba.

Ni na je, sau uku. Ina cikin zauren a ranar, kujerata na jikin tasa. Na ce e da ƙarfi, kuma ni ne na riƙa jan bakin rigarsa ya zauna. Yau jikokina in sun tambaye ni me na yi a majalisa, sai in kawo wata magana. Shi kuwa, yanzu da mutanen garinsa suka gane, sunansa suke sa wa 'ya'yansu.

Lokacin yaƙin neman zaɓe bakinmu ɗaya da nasa, dukkanmu mun rantse mu na talaka ne. Kai ma ka rantse, na ji ka da kunnena. Sai dai Hausawa sun ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.