Kwana Tamanin da Tara

"Shekara goma sha ɗaya nake gidan nan, 'yata."

"Takarda ta ce kwana tamanin da tara, Baba. Ni kuwa da takarda nake aiki."

Jami'ar sallama ta danna kan biro sau uku, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ta yi gyaran murya irin ta wanda ƙayar kifi ta maƙale wa. Muryar ba tata ba ce, ta aro ce.

Doka ta ce duk wanda ya cika kwana casa'in a bakin aiki ya zama na dindindin, da katin asibiti da haƙƙin sallama. Masana'antar ɗinkin nan tuni ta samo makarin dokar: ana saura kwana ɗaya a sallame ka, ka huta mako guda, ka dawo sabo fil kamar jiya aka yanke maka cibi. Da sababbin masu kamfani suka zo, dabarar ta burge su, sai suka shimfiɗa ta a kan kowa, daga mai gadi har na saman bene. Raba takardun sallama kuma suka ba wani kamfanin haya, shi ne ya turo ta.

Ba baƙuwa ba ce a ginin. A da ita ce mai keken ɗinki na tara a layi na huɗu, har yau tabon allura na nan a yatsanta. Sau goma sha bakwai manajan gidan ya miƙa mata irin wannan takarda. Sai ya danna biro, ya yi gyaran murya, ya ce ba kora ba ce, sassauci ne. Lokacin hutu takan kwaikwaye shi har mata su ƙware da dariya. A karo na goma sha bakwai tana da cikin wata bakwai, ya dubi cikin, ya dubi kalanda, ba a sake kiranta ba. A tsakar ɗaki ta haihu, maƙwabciya na riƙe da kafaɗunta.

Yanzu ga ta a kan kujerar, ga dattijo tsaye da hula a hannu. Ya kawo maganar matarsa mai ciwon ƙoda, wadda katin asibitin ne kaɗai zai cece ta. Ya kawo furfurarsa. Ya ce kwana ɗaya tak yake roƙo, ko shara ce zai yi.

Ta ji roƙon har cikin ranta, kamar ruwan sanyi a tsakar rana.

Ta bayan gilashin ofis kekuna sun yi tsit. Mata arba'in sun zuba ido, babu wadda ta taso don ba da baki. Wata ma kujera ta jawo gaba don ta gani da kyau.

Ta ja aljihun tebur, ya cije. Dattijon ya ce ta ɗan ɗaga shi sama. Ta ɗaga, ya buɗu. Ta zaro takardar, ta busa mata iska kamar mai kore ƙura, ta kwantar da kai gefe guda.

"Ba kora ba ce, Baba, sassauci ne. Kamfani ya numfasa, kai ma ka numfasa."

Dariya ta suɓuce wa wata a layi na huɗu, ta toshe baki da ƙyalle.

Ya karɓa. Leɓɓansa suna riga idonsa kai wa ƙarshen kowane layi. Da ya iso ƙasan shafin sai ya tsaya cak. Ya mayar da hularsa, ya miƙe ƙirji, ya yi gyaran murya irin ta wanda ƙayar kifi ta maƙale wa.

"Wannan korar ba ta halatta ba. A gidan nan ba a sallamar kowa sai manaja ya sa hannu, ni manaja kuwa ban sa ba."