Zugazugin Jirgin Jatau

Ajiye wayar nan ka saurara, maigidana, tunda ka ce mu tsofaffi ba abin da ya rage mana sai cin goro.

An yi wani bakanike a wani gari da ke gindin dutse, ana ce masa Jatau. Shekara bakwai ya yi yana ƙera ɗan jirgin sama mai kujera ɗaya a bayan garejinsa. Mutane suka yi ta dariya har suka gaji, suka koma miƙo masa sifana. Injin da ya sa na wata tsohuwar mota ne, irin wanda babu fistin a cikinsa, sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa kamar muciya a tukunyar tuwo. Ɗan mitsitsi ne, ba nauyi, amma in aka tashe shi kajin unguwa sai sun watse. Masu duba jirage suka zo, suka ƙwanƙwasa nan da can, suka ba shi izinin gwaji. Jirgi ya tashi lafiya lau. Sai dai da Jatau ya ɗaga masa kai don ya haye dutsen da ke gabas da gari, injin ya kama haki, ƙarfinsa ya zube kamar na mai zazzaɓi, dole ya juyo. Dutsen nan kuwa shi ne dalilin aikin duka. A can samansa ƙauyen uwarsa yake, kuma tunda ruwa ya cinye hanyar mota, shekara goma sha ɗaya ke nan tsohuwar ba ta ji daga ƙanwarta ba sai a bakin 'yan kasuwa.

Jatau ya yi abin da hannunsa ya saba da mota mara ƙarfi: ya buɗe wa injin hanyar mai. A gwaji na biyu jirgin ya yi ta aman baƙin hayaƙi, saura ƙiris ƙafarsa ta shafi bishiyoyin jikin dutse. Ya sauko da ƙyar. Matarsa ba ta yi faɗa ba, ta dai jera masa 'ya'yansa huɗu a gabansa ta tsaya tana kallonsa. Nan ya yi mata alkawari zai farfasa abin ya ba masu gwangwan. Da safe ya ɗauki guduma ya nufi bayan gareji, zuciyarsa kamar zai yanka ragon da ya raina da hannunsa.

Uwarsa na zaune a inuwar fiffiken tana ɓarar gyaɗa. 'Yar maƙeri ce, ko sunanta ba ta iya rubutawa, kuma ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne.

"Kai, wannan, me tsuntsun ya yi maka?"

"Iya, ba za ki gane ba."

"Ai ban ce na gane ba. Na dai ji shi yana haki. Mu can bisa dutse, baƙo in ya hau daga ƙasa haka yake haki, don iskar can siririya ce, kuma ba tuwo ake ɗura masa ba. Ubana in wutar maƙera ta yi sanyi bai taɓa ce mini in ƙara gawayi ba. Cewa yake, zuga."

Jatau ya dubi gudumar da ke hannunsa. Sai ya ajiye ta, ya je ya roƙi matarsa gwaji ɗaya tak. Ya samo wata fanka mai matsa iska a jikin wata matacciyar mota, ya ɗaura ta da bel yadda injin zai riƙa juya ta, ita kuma tana cusa masa iska a maƙogwaro. Zugazugi dai, na ƙarfe. Da ya gwada a ƙasa injin ya yi ruri kamar zai tsinke igiya, Jatau har ya fara washe baki, sai ga ruwan cikin injin yana tafasa. Tsohuwa ko kai ba ta ɗaga daga gyaɗarta ba, ta ce mai zuga ba lissafi ƙarfe yake narkarwa, abin da iska ta ishe shi a ƙasa me ake cusa masa? Sai ya yi wa fankar 'yar ƙofa da ke zubar da rarar iska a ƙasa, tana rufuwa kaɗan-kaɗan in ana hawa. Ya daina nema wa injin ƙarfin da ya fi nasa. Wanda yake da shi a ƙasa kawai yake so ya riƙe a sama.

Ranar gwaji na uku matarsa ta shige ɗaki ta rufe. Jatau ya tashi da hantsi, kunnensa a kan injin. Ya kai wurin da injin yake fara haki, ya ji muryar ba ta canja ba. Ya wuce bishiyoyin nan, ya wuce kan dutsen, ya ga rufin ciyawa da ɗan filin ƙwallon ƙauye a ƙarƙashinsa. Ya sauka a filin, kafin la'asar kuma ya dawo gida. Ya durƙusa gaban uwarsa ya ajiye mata ƙullin daddawa da ƙanwarta ta aiko. Tsohuwa ta kwance, ta shinshina, ta ce har yanzu yarinyar nan ba ta iya daddawa ba. Sannan ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, aka daɗe ba a ga idonta ba.

Shi ya hau sama har sau biyu bai ga ciwon injinsa ba, ita tana kan tabarma ta gan shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.